Rabin Dala a Hannun Maƙerin Fari

Ɗan yayata da ya yi karatu a Amurka ne ya kawo mini ita tsaraba. Tsabar kuɗi ce guda ɗaya, rabin dala, an rufe ta ruf cikin wani ɗan gida na roba mai tauri wanda ake ganin cikinsa tar. Filinta sumul kamar madubi, har kana hango ƙwayar idonka a ciki. Kan mutumin da ke jiki kuwa fari ne dishi-dishi, kamar an barbaɗa masa gari. A ƙarƙashin wuyansa akwai ɗan harafin S, sai shekarar 1999 daga ƙasa. Da zai miƙo mini sai ya ce, "Kawu, don Allah kada a fasa robar nan. Ranar da yatsa ya taɓa ta, ranar darajarta ta zube."

Bayan kwana biyu na kai ta wurin wani tsohon maƙerin fari da ke aiki can wajen tsohuwar kasuwar Sakkwato, mutumin da tun ina yaro nake raka mahaifiyata wurinsa gyaran awarwaro. Ya goge hannu a gefen riga, ya karɓa, ya yi ta juya ta a hasken ƙofa.

"Wanga kuɗɗi na ko madubi?"

Na ce, "Azurfa ce, Baba. Kashi casa'in cikin ɗari."

"To buɗe mu ji kukanta."

Na gaya masa ba a buɗewa. Ya jinjina ta a tafin hannu, robar ta hana shi gane nauyi. Sai ya jawo wata tsohuwar batta daga ƙarƙashin buzunsa, ya zaro liyari, ya ɗora shi a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefensa da wani ɗan ƙarfe. Ƙara ta tashi siririya, ta daɗe tana yawo cikin rumfar kafin ta mutu. Ya ce, "Ka ji azurfa. Waccan taka sai dai in ɗauki maganarka."

Tun daga ranar nake juya abin a raina. Ɗan yayata da tsohon nan duka suna girmama azurfa, duka sun san tsabar da ke hannunsu ta fi abin da aka rubuta a kanta. Amma ɗaya ya gaji al'adar da ta ce darajar tsaba ita ce kada a taɓa ta, ɗayan kuma ya gaji wadda ta ce sai an taɓa, an auna, an saurara, in ta kama ma an narka. Na zo in duba su biyun, domin akwai abin da tamu take ɓatarwa kullum ba mu ankara ba.

A ranar 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe Shugaba Kenedi a birnin Dalas. Kafin shekara ta fita majalisar ƙasar ta yarda a sa hotonsa a rabin dala. Gilroy Roberts ya zana kan, Frank Gasparro ya zana mikiyar da ke baya, aka fito da ita a watan Maris 1964. Nauyinta giram 12.5, kashi 90 azurfa, kashi 10 jan ƙarfe. An buga kusan miliyan 430 masu ɗauke da wannan shekara, amma sai suka ɓace daga kasuwa kamar an share. Wasu sun adana don ƙaunar mamacin, wasu don farashin azurfa yana ta hawa. Gwamnati ta rage azurfar zuwa kashi 40 daga 1965 zuwa 1970, a 1971 ta cire ta ɗungum. Kafin nan jama'a sun saba da rayuwa ba rabin dala a aljihu, ba ta kuma sake komawa ciniki sosai ba. Sai a 1992 gidan buga kuɗi na San Faransisko, mai harafin S ɗin nan, ya dawo da bugun azurfa kashi 90 kowace shekara, wannan karon don masu tarawa kawai. Daga 2019 aka mai da ita kashi 99.9.

Irin wannan bugun su suna ce masa furuf, ni zan kira shi bugun madubi. Ana goge fallen azurfar tun kafin a buga shi, a goge hatiman ƙarfen da za su matse shi, a dusashe wurin hoto da rubutu, sannan a buga aƙalla sau biyu da ƙarfi don kowane silin gashi ya fito. Daga nan sai cikin roba, ba tare da fatar ɗan Adam ta shafe shi ba. Aikin hannu da ido ne mai kyau ƙwarai, kuma tsohon maƙerin da kansa bai musa wannan ba. Ya daɗe yana kallon fikafikan mikiyar.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a al'adar tasu shi ne rubutawa. Ba'amurke mai tara rabin dala ya san adadin da aka buga kowace shekara, ya san gidan da ya buga, ya san ɗan bambancin da ke tsakanin hatimi da hatimi. A bugun madubi na farko na 1964 akwai waɗanda gashin da ke saman kunnen Kenedi ya fi fitowa, kafin a gyara hatimin. Sun ware su, sun ba su suna, suna nemansu. Duk wanda ya shiga harkar yau zai tarar da littattafan da na gabansa suka bari.

Inda na rabu da su shi ne wajen maki. Akwai ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, a 1987, su ke duba tsaba da gilashin ƙara girma, su ba ta maki, su kulle ta. Tawa 69 aka ba ta. To, waɗannan tsabobi ba su da ƙaranci. A 1992 kaɗai an buga fiye da miliyan ɗaya, a shekarun da aka fi tsuke hannu ma dubban ɗaruruwa ne, kuma kusan dukkansu suna nan lafiya tunda ba wanda ya kashe ko ɗaya. Sai aka ƙirƙiro ƙaranci daga tazarar da ke tsakanin 69 da 70, tazarar da ido tsirara ba ya gani, aka ɗora mata farashi ninki-ba-ninki. A nan mai saye ya daina kallon azurfa ya koma kallon lambar da ke kan roba. Kuma tsabar da ba ta taɓa sayen ko ƙwayar alawa ba, ba ta shiga hannun kowa ba, labarinta gajere ne: an buga ta, an rufe ta.

Tamu kuwa labari ne ya yi mata yawa, marubuci ta rasa.

Daular Usmaniyya ta Sakkwato ba ta buga tsabar kanta ba. Kuɗin yau da kullum wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldib yake zuwa, ya ratso teku da daji kafin ya iso kasuwanninmu. Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Wuri yana da kyau wajen sayen gishiri da daddawa, amma bala'i ne ga falke, domin keso guda, wuri 20,000, kayan ɗan dako ne sukutum. Shi ya sa manyan ciniki suka koma kan tufafi, da dawaki, da bayi, wanda wannan tabo ne a tarihinmu da ba ya gogewa, da kuma liyari. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya zo ƙasar Sakkwato a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta cewa dalar Ostiriya ko ta Sifen tana kan wuri 2,500 a Kano. Ka ga liyari takwas a kusurwar rawani sun tashi keso guda ke nan. Daga baya da Turawan fatauci suka kwararo da wuri daga gabashin Afirka, wuri ya yi ta faɗuwa, liyari ya ƙara tsada a ido.

Shi liyarin nan dalar Sarauniya Mariya Tereza ce ta Ostiriya. An fara buga shi a 1741. Ta rasu a 1780, amma fatake daga Habasha zuwa ƙasashen Larabawa zuwa nan suka ƙi karɓar wani in ba shi ba, don haka aka ci gaba da buga shi da hotonta da shekarar 1780, ba a Biyana kaɗai ba, har a Landan da Paris da Rum da Bombai. Nauyinsa giram 28 da 'yan kai, kashi 83.3 azurfa, bai canza ba. Wannan rashin canzawar ita ce amanarsa. Mutumin da bai iya karanta harafin Latin ko ɗaya ba ya san nauyinsa a tafin hannu, ya san kukansa, ya san kaurin rubutun da ke zagaye da bakinsa wanda ke tona asirin mai kankare gefe. Wannan ilmi ne na gaske, irin wanda tsohon maƙerin ya gwada mini, kuma ya girmi ma'aunin Sheldon da shekaru masu yawa. Duk wanda ya ga 1780 a jikin liyarin gidansu kada ya ɗauka lallai a shekarar aka buga shi. Yana iya zama na ƙarni na 19 ko na 20. Har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga shi, har da na bugun madubi. Sunan da Jamusawa ke kiransa, tala, shi ya zama dola a bakin Ingilishi ya zama dala a bakinmu. Ashe tsabar ɗan yayata da ta cikin battar Baba dangin juna ne ta wajen suna.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, gwamnatin Lugga ta dage sai an biya haraji da tsabarta, ta toshe hanyar shigo da wuri da liyari. Matsalarta ita ce ƙaramin ciniki, domin sule ya yi wa mai sayen ƙuli-ƙuli girma. Sai a 1907 aka bugo anini, ɗaya bisa goma na kwabo, da alminiyam, yana cikin tsabobin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure ba, aka sauya masa ƙarfe a shekara mai bi. Da shi da kwabo an huda su a tsakiya don a zura su a zare yadda aka saba yi wa wuri, an sa musu tauraro mai tsini shida, an rubuta ƙimarsu da haruffan Larabci. Da yake ba su da hoton sarki, suna kawai, sai ga shi a 1936 an buga anini da ɗari da kwabo da sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta kafin shekarar ta ƙare, alhali a Ingila kanta tsabarsa ba ta shiga hannun jama'a ba. Irin waɗannan suna nan cikin gwangwanayen tsofaffi a Kanwuri da Ƙofar Rini da Ƙofar Atiku, a haɗe da maɓallai da tsofaffin makullai.

Amma wadda ta fi kama da rabin dalar Kenedi ita ce tamu dalar, sule biyu, wadda wasu ke ce wa fataka. An kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, a 1913 ta fito da taro da sisi da sule da dala na azurfa kashi 92.5, da kan Sarki Joji na Biyar. Sule da dala suna da itacen kwakwar manja a baya, shekarar ta rabu biyu a hagu da daman gindinsa. Dalar giram 11 ce da 'yan kai, kusan girman rabin dalar Amurka. Abin da ya sami waccan a 1964 ya riga ya sami wannan da shekara arba'in da wani abu. Yaƙin Duniya na Farko ya tayar da farashin azurfa, tsaba ta yi wuya, gwamnati ta turo kuɗin takarda jama'a suka yi ta ƙyamar su, mai azurfa ya binne abinsa ko ya kai wa maƙeri. A 1920 aka janye azurfar, aka koma gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa. Shekara bakwai zuwa takwas ke nan kacal da aka buga wa ƙasar nan kuɗin azurfa. Waɗanda suka zo bayansu, na Tarayyar Nijeriya a 1959 da na naira da kwabo a 1973, masu auduga da koko da dalar gyaɗa, duk ba azurfa a cikinsu.

Tsabobin sun tafi, sunayensu suka zauna. Har yau mutum yana rantsuwa ba shi da ko sisi, ko ya ce abu bai kai anini ba. Rabin kwabo ɗari muke ce masa, tunawa da lokacin da yake daidai da wuri ɗari. Akwai ahu, akwai taro, akwai nai. Jaka ta fara ne daga jakar tsabar fam 100, ta zama naira 200 bayan canjin 1973. In ka bi hanyar Illela ka tsallaka Birnin Ƙonni, za ka ji har yanzu ana lissafin sefa da dala, kowace dala tamma biyar, gadon babbar tsabar azurfa ta Faransa mai faran biyar. Yaron da ke ƙirga dala ashirin a can bai taɓa ganin tsabar da ta haifi kalmar ba. Harshe ya riƙe mana amanar da hannu ya kasa riƙewa.

In ana neman masu tara tsabar azurfa a Sakkwato, a shiga cikin gida. Mata ne. Kakata ta wajen uwa tana da wani ƙullin tsumma a ƙasan adudunta, wanda ba ta kwancewa sai za a yi biki. A ciki akwai liyari uku da aka liƙa wa kunne na azurfa don a rataya, da jerin sulalla da aka huda aka zura a baƙin zare, da riyal ɗin Makka guda biyu da mijinta ya zo da su daga aikin hajji. Kan Sarauniyar ya shafe a ɗaya daga cikin liyaran har ya koma kamar inuwa, saboda gogar ƙirji da zufa da man shanu na shekaru. Kowanne ta san inda ya fito. Wannan na cikin kayan aurenta ne, wancan uwarta ta ba ta ranar sunan ɗanta na fari, wancan kuma an taɓa jinginar da shi a shekarar yunwa aka fanso shi da kaka. Ado ne, asusu ne, kuma dukiyarta ce ta kanta da ba mai iko da ita. Matan Fulani sukan jera irinsu a kitso. A ma'aunin Amurkawa tsabar da aka huda ko aka liƙa wa kunne ta lalace, ba sa ma ba ta maki. Ni kuwa a wurina hudar nan ita ce shaidar cewa tsabar ta zama tamu. Ba a Biyana aka yi kunnen ba, a maƙerar Sakkwato aka yi shi.

To ina ƙullin yake yanzu? Ranar rabon gado aka kwance shi. Magada da yawa, kowa da haƙƙinsa, tsaba ba ta yankuwa. Aka kai sikeli, aka auna, aka sayar da nauyi, aka raba kuɗi. Ina wurin, ina saurayi, ban ce komai ba don ban san akwai abin cewa ba. Ba laifin shari'a ba ne, domin da ɗaya daga cikinmu ya ce a yi musu ƙima ya biya sauran, da an ba shi. Babu dai wanda ya ga wani abu a cikinsu ban da giram. Labaran kuwa sun bi mai su kabari, sai 'yan guntayen da na riƙe.

Wannan ita ce hanyar da azurfarmu ke bi: daga adudu zuwa sikeli, daga sikeli zuwa wuta. Maƙerin fari yana son tsohuwar tsaba don ya san abin da ke cikinta, ba a cuce shi da gauraye ba. Da ita ake zuba zoben maza, tunda azurfa ce shari'a ta halatta musu, da awarwaro da 'yan kunne da adon kayan doki na hawan salla. Ba na ganin baƙin maƙeri. Sana'arsa ke nan, kuma zoben da ya fito daga hannunsa shi ma abin tarihi ne. Amurkawa su ma sun narka nasu tuli a farkon 1980, lokacin da azurfa ta kusa dala 50 kowane oza. Bambancin shi ne su sun riga sun ƙirga, sun ɗauki hoto, sun ajiye samfuri. Mu in tsaba ta shiga wuta, ta shiga da duk abin da ta sani.

Ga mai son shiga wannan harka a garin malamai irin namu, akwai maganar fiƙihu da ba a tsallakewa. Azurfa tana cikin abubuwan da riba ke shiga. In za a musanya azurfa da azurfa, sai nauyi ya zo daidai kuma hannu da hannu, kyawun bugu ba ya halatta fifiko. Don haka ba da rabin dala guda mai sheƙi a karɓi tsofaffi uku, abin da masu tarawa ke yi a can ba tare da tunani ba, a nan ba ya halatta. In da naira za a saya, farashi ya rage ga masu ciniki, amma mafi yawan malaman zamani sun shardanta a karɓa a wurin, wanda ya sa sayen da ake yi ta intanet, a biya yau kaya su iso bayan wata guda, yake buƙatar a tambayi malami tukuna. Sai zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595 a ƙiyasin da ya fi yaɗuwa. Liyari yana da tsantsar azurfa giram 23 da 'yan kai, ka ga 26 sun cika nisabi. Rabin dala mai kashi 90 tana da giram 11.25, sai an tara 53. A mazhabar Malikiyya adon da mace ke sawa ba a fitar masa da zakka, amma wanda aka ajiye don taskacewa ana fitarwa. Mafi ƙarancin sadaki kuma rubu'in dinari ne ko dirhami uku na azurfa, kusan giram 9, wato tsabar nan da ɗan yayata ya kawo ta haura shi. Da na gaya wa Baba wannan lissafin ne ya fara yi mata kallon kuɗi.

Musulmi ba baƙo ba ne a sanin tsaba. Tun a shekara ta 77 bayan hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu hoto a jikinsa sai rubutu, da shekarar bugu a fili. Malamanmu da suka yi ta auna dirhami da ƙwayar sha'ir don su tsare haƙƙin matalauci sun san muhimmancin nauyi da tsarki fiye da kowa. Mutanen da suka adana takardun Shehu da na Abdullahi da na Bello shekara ɗari biyu, suna kwafa suna rubuta sunan mai kwafi da na malaminsa, ba za a ce ba su iya adana abu da isnadinsa ba. Tsaba ce kawai ba mu taɓa ɗauka a matsayin takarda ba, alhali takarda ce ta ƙarfe, mai shekara, mai sunan gari, mai sunan sarki.

Abin da nake so mu ara daga masu tara rabin dala ɗan kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. Kada a wanke tsohuwar tsaba da toka ko lemun tsami ko yashi, don baƙin da ta yi kariya ne, gogewa kuwa tana cin rubutu. A riƙe ta da gefe. A sa kowace a 'yar takardarta, a rubuta shekara da nauyi da harafin gidan bugu, sannan a rubuta abin da su ba su da shi: ta wace ce, daga wa ta gada, a wane biki aka sa ta, wane maƙeri ya yi mata kunne. A tambayi tsohuwa tun tana da rai. A kuma yi hattara da jabu, domin kasuwa cike take da liyarin farin ƙarfe da aka shafa wa ruwan azurfa. Sikeli da maganaɗisu da kunnen maƙeri suna kama mafi yawansu. Robar da maki kuwa a bar musu.

Ina ganin aikin ya fi ƙarfin ɗaiɗaikun mutane. Babban Bankin Nijeriya ya buɗe gidan tarihin kuɗi a Abuja a 2009, amma Abuja ta yi wa adudun tsohuwa nisa. Muna da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a cikin gari, muna da sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗalibi guda da sikeli da wayar ɗaukar hoto, in ya zauna rumfunan maƙeran fari wata shida yana rubuta duk tsabar da aka kawo kafin a narka ta, zai fito da taswirar fataucin ƙasar nan da ba a taɓa zanawa ba: nawa ne daga Ostiriya, nawa daga Faransa ta hanyar Ƙonni, nawa daga Makka ta hanyar Sudan, nawa daga Ingila. Ba sai an hana kowa sana'arsa ba. A dai gani kafin a narka.

Na koma wurin Baba da wani ɗan gilashin ƙara girma. Na tarar an kawo masa dala biyar na zamanin Joji, wani yana son a zuba masa zobba. Duk sun sha hannu, kan sarkin ya lafe. Na roƙe shi ya bari in duba. Ɗaya ta fi sauran fitowa, ganyen kwakwar a rarrabe, 19 a hagu 16 a dama, can ƙasa kuma ga wani ɗan harafi kamar ƙwayar gero. Na miƙa masa gilashin. Ya kanne ido ɗaya ya daɗe yana dubawa.

"Mi an nan?"

Na ce harafin H ne, alamar gidan Heaton da ke birnin Bamingham, can aka buga ta, ba a gidan sarki na Landan ba.

Ya ce shekara hamsin yana narka irinta bai taɓa lura da shi ba. Ya ɗora ta a sikeli, ya zaro guntun tsohon awarwaro daga battarsa ya daidaita nauyin, ya jefa guntun cikin na mai zobba, ita kuma ya gaya mini kuɗinta na biya nan take. Sauran huɗun ya zuba su a kasko, ya ce wa yaronsa ya kama zugazugi, don mai kayan zai zo bayan la'asar.